Shirin Musamman: Kayan Aikin Mai Sha'awar Gyaran Agogon Hannu

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Shirinmu na yau na masu sha'awar gyaran agogon hannu ne, waɗanda ke son su riƙa taɓa aikin a gida ko da ba shi ne sana'arsu ba. Wane kaya za a fara saya, kuma wanne ne ya cancanci a kashe masa kuɗi? Sai a gyara zama.

(KIƊA)

Malam, kafin ka nufi kasuwa, juya agogonka ka dubi bayansa, domin murfin baya ne zai gaya maka abin da za ka saya. Iri uku aka fi gani. Na farko shi ne wanda ake dannawa ya kama. Yana da ɗan leɓe a gefe, inda ake zura 'yar wuƙa marar kaifi a ɓamɓaro shi. Na biyu mai murɗawa ne, za ka ga ƙananan gurabe kewaye da shi, kamar yawancin Seiko 5, agogon nan na Japan da ya fara fitowa a 1963, wanda iyayenmu suka daɗe suna ɗaurawa. Wannan sai da sifana mai haƙora uku, wadda masu aikin ke kira Jaxa. Na uku mai ƙananan notuna ne, irin Casio F-91W na 1989, wanda notuna huɗu ke riƙe da bayansa. Ka haɗa da ɗan maƙalin da ke riƙe agogo kada ya zame, da madannin mayar da murfi, don murfin da ya fita da sauƙi ba lallai ya koma da yatsa ba. Wanda ya ɗauki reza ko almakashi kuwa, agogon zai karce, shi kuma ya yanke.

To, ina za a sa kuɗi? A kan abu biyu: sukudireba da hantsaki. Akwai jakar kaya 'yar Sin mai araha, cike da abubuwa barkatai. Ba laifi a fara da ita wajen cire maɗauri da rage tsawon sarƙa. Amma araha ba ta ado. Bakin sukudirebar cikinta laushi gare shi, yana lanƙwashewa ya cinye kan noti, kuma notin agogon da kansa ya lalace ba ko'ina ake samun madadinsa ba. Gara ka sayi guda uku masu kyau, mai milimita 0.8 da 1.2 da 1.6, irin waɗanda ake canza wa baki ko a wasa su a kan dutse. Kamfanonin Bergeon da Horotec na ƙasar Suwizalan sun yi suna a wannan fanni, haka Dumont wajen hantsaki. Idan za ka sayi hantsaki, matse shi ka ɗaga ga haske. In bakinsa bai haɗu daidai ba, ajiye shi, domin zai cilla maka ɗan noti inda ba za ka sake ganinsa ba. Ka zaɓi wanda maganaɗisu ba ya kamawa.

Sai madubin ido mai ƙara girma. Mai ninka abu sau 3 ko 4 ya isa aiki. Mai sau 10 na bincike ne, sai ka kusa manna fuska da agogon kafin ka gani.

(KIƊA)

Masu sauraro, babban abokin gabar agogo a ƙasarmu ƙura ce, musamman lokacin hunturu. Sayi 'yar robar hura iska, kada ka hura da baki, domin danshin numfashi tsatsa yake jawowa. Rufe taga, shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ka kife kofin gilashi a kan duk abin da ka cire.

Yawancin agogunan da ke hannunmu na kwaz ne masu batir, tsarin da Seiko ya fara sayarwa a 1969. A cikinsu akwai ɗan dutsen kwaz da ke girgiza sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, shi ke ƙirga lokaci. Canza batir shi ne aikin farko na mai koyo. Karanta lambar da ke jikin tsohon: SR626SW, wanda ake kira 377, bolt 1.55 ne, CR2016 kuwa bolt 3. Ɗauke shi da hantsakin roba, domin na ƙarfe yana haɗa fuskokinsa biyu ya zuƙe masa ƙarfi. Kafin ka rufe, duba siririyar robar da ke bakin murfi, ita ke hana ruwa da gumi shiga. Shafa mata man silikon, in ta bushe ka canza ta. Iyaye kuma a kula, in yaro ya haɗiye irin wannan batir sai asibiti ba tare da jinkiri ba.

Mai son shiga cikin agogo mai wani, wato marar batir, kada ya fara da agogon gado. Nemi injin koyo irin ST36 na kamfanin Seagull, manyan kaya gare shi, ido na ganinsu. Kuma kada a ɗiga masa man keken ɗinki. Agogo na da mansa na musamman, irin na Moebius, ɗigon da bai kai kan allura ba ake sawa.

Shawararmu ita ce a sayi kaya kaɗan masu inganci, a ƙara sa'ad da aiki ya buƙata. Sannan a je wurin mai gyaran agogo na kasuwa, a gaishe shi da ladabi, a nemi izinin kallon yadda yake riƙe kayansa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin.

(KIƊAN RUFE SHIRI)