Kafin ɗalibi ya biya kuɗin maƙalar kimiyya a Parakou ko Djougou

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar Parakou ya san wannan matsala: ya ga sunan maƙalar da yake buƙata a intanet, ya karanta taƙaitawarta, sai mujallar ta ce ya biya dala 30 ko 40, wato wajen jaka 20 na sefa, kafin ya ga sauran. Jami'ar da aka buɗe a 2001 tana da ɗakin karatu, amma malamin makaranta ko ma'aikacin jinya a Djougou, mai nisan fiye da kilomita 100, ba zai yi ta zirga-zirga saboda shafi goma ba.

Sau da yawa biyan ba dole ba ne. Benin tana cikin ƙasashen da shirin Research4Life ya yafe wa kuɗi. A ƙarƙashinsa akwai Hinari, na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2002, da AGORA, na harkar noma tun 2003, kuma dubban mujallu ne a ciki. Sai dai ba a yi wa mutum ɗaya rajista. Ma'aikata ce ke nema, kamar jami'a, cibiyar bincike ko asibiti, a ba ta kalmar sirri ta raba wa mutanenta. Don haka tambayar farko ma'aikacin ɗakin karatu ko shugaban asibiti za a yi wa: an yi mana rajista? Idan ba a yi ba, cike takardar neman kyauta ne. Abin takaici shi ne a samu kalmar sirrin ta kwanta a aljihun tebur, ɗalibai na can suna haɗa kuɗi.

Wanda ba ya ƙarƙashin wata ma'aikata ma yana da hanya. Ya saka cikakken sunan maƙalar a Google Scholar, ya duba ko akwai wani kwafi a gefe. Masu binciken Faransa sukan ajiye nasu a rumbun HAL, kuma wannan ya shafi Djougou kai tsaye: shekaru da dama shirin AMMA-CATCH yana auna ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa a yankin kogin Ouémé na sama, ana samun rubuce-rubucen a HAL da rumbun cibiyar IRD. Mujallun Afirka kuwa suna AJOL, da yawansu a buɗe.

In duk ba a dace ba, a rubuta wa marubucin. Adireshinsa na imel yakan fito a shafin maƙalar. Layi uku sun isa: wane ne mai nema, me yake bincike a kai, wace maƙala yake so. Yawanci marubuci ba ya samun ko sisi daga kuɗin da mujalla ke karɓa, shi ya sa da yawansu kan aiko da ita da murna. In an yi mako biyu shiru, sai a gwada na biyu a jerin marubutan.