Zirga-zirga Tsakanin Unguwanni a Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa: Misali Daga Birnin New York

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda tsarin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York a Amurka yake sauƙaƙa wa wasu mazauna birnin zuwa wurin aiki, yake kuma tsawaita wa wasu tafiya.

An buɗe layin farko ranar 27 ga Oktoba, 1904, daga fadar hukumar birni zuwa titi na 145 a tsibirin Manhattan. Kamfanoni biyu masu zaman kansu, IRT da BMT, da kuma IND mallakar hukumar birni, su suka shimfiɗa layukan cikin gasa, kafin a haɗe su a hannu ɗaya a 1940. Har yau tarihin nan yana nan a jikin taragai: na layukan da ake kira da lamba sun fi na layukan haruffa ƙanƙanta, saboda haka babban tarago ba ya shiga ramin ƙarami. A yanzu akwai tashoshi 472, kuma jiragen suna aiki dare da rana.

Abubuwa biyu suka sa talaka ya dogara da wannan jirgi. Na farko, kuɗin shiga ɗaya ne komai nisan tafiya. An biya santi biyar daga 1904 har zuwa 1948, a 2023 kuwa ya kai dala 2.90. Na biyu, manyan layuka suna da dogo huɗu: biyu na jirgin da ke tsayawa a kowace tasha, biyu na mai tsallake ƙananan tashoshi. Wannan ya ba mai ƙaramin ƙarfi damar kama haya nesa da tsakiyar gari ba tare da kuɗin sufurinsa ya ƙaru ba.

Sai dai an zana layukan ne bisa tunanin cewa aiki yana Manhattan, barci kuma a gefen gari. Kusan duk manyan layuka can suke nufa, ban da layin G wanda ke haɗa Brooklyn da Queens kai tsaye. Babu layin da ya tashi daga Bronx zuwa Queens ba tare da ratsa Manhattan ba. Ɗan kasuwar Afirka ta Yamma da ke zaune a Bronx yana iya hawa layi na 2 ya sauka a titi na 116 a Harlem, kusa da kasuwar Malcolm Shabazz, ba tare da canjin jirgi ba. Maƙwabcinsa mai aiki a filin jirgin sama na JFK kuwa, dole ya gangara Manhattan, ya canza jirgi, sannan ya nufi gabas. Kuɗin shiga tasha ɗaya suke biya, amma lokacin da hanya ke cinye wa na biyu yana fita ne daga barcinsa da zamansa da iyali.

A watan Janairun 2022 Gwamna Kathy Hochul ta gabatar da shirin layin Interborough Express, mai tsawon mil 14, a kan tsohuwar hanyar jirgin kaya daga Bay Ridge zuwa Jackson Heights. Shirin zai rage wa mutanen Brooklyn da Queens zagaye, amma zanensa bai kai Bronx ba, don haka ma'aikacin da ke can zai ci gaba da bi ta Manhattan.