Ranar da akwatin ɗan majalisa ya kwana babu ƙuri'a a ƙasar Gumel

Asabar 28 ga Maris, 2015, mutanen Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar sun yi sammako zuwa rumfunan zaɓe da niyyar jefa ƙuri'a uku: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. An riga an ɗage musu zaɓen sau ɗaya daga 14 ga Fabrairu saboda yaƙin Boko Haram, don haka kowa a matse yake. Ga zafin bazara, ga dokar hana zirga-zirga. Tsarin wancan lokaci kuma mai wahalarwa ne: da safe a tantance ka, ka koma gindin bishiya ka jira, sai bayan azahar a fara dangwale.

Biyu suka samu jefawa. Takardun ƙuri'ar majalisar wakilai ba su isa ba, sai hukumar zaɓe ta INEC, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta ɗage zaɓen a dukkan mazaɓun tarayya 11 na Jigawa. Jiha guda cur! Tsohon da ya tako daga wani ƙauye na bakin iyakar Nijar, katinsa a aljihu, sunansa a rajista, aka ce ya yi haƙuri ya dawo wata rana.

A ranar ce kuma aka fara amfani da na'urar tantance kati a babban zaɓe, ta kuwa ba mutane wahala. Za a goga katin, ta karanta, a ce ɗora yatsa, ta ƙi. A goge yatsan da bakin riga, a sake, ta ƙi. A canza yatsa. Hannun da ya shekara yana riƙe da fartanya ba kasafai zanensa ke fita raɗau ba. Ko shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, bai tsira ba: a garinsu Otuoke na jihar Bayelsa na'urar ta yi ta ƙin karɓarsa gidajen talabijin na nunawa, har aka haƙura aka tantance shi da hannu. Mafitar da aka tanada ita ce wata takardar rahoton matsala: ma'aikacin zaɓe ya duba fuskarka da hoton rajista, ya cike takardar, ka jefa ƙuri'arka.

Wasu ƙasashen sun fi haka nisa. A Amurka, bayan rigimar ƙuri'un Florida ta shekarar 2000, an yi doka a 2002 wadda ta ce duk wanda ya zo rumfa ya tarar babu sunansa, ko ana tababa a kansa, a ba shi ƙuri'ar wucin gadi. Zai dangwala, a rufe ta a ambulan daban, bayan zaɓe a bincika. In ya cancanta a ƙirga, in bai cancanta ba a ajiye ta gefe. Dokar zaɓenmu ta 2010, wadda ake aiki da ita a wancan lokaci, ita ma tana da mai kama da ita, ga wanda ya zo ya tarar wani ya riga ya yi zaɓe da sunansa: a ba shi takarda mai launi daban, ba a saka ta cikin akwati, ana adana ta ne saboda shari'a. Sai dai duk waɗannan dabaru suna buƙatar takardar ta kasance a hannu. Ranar a Jigawa ita ce babu.

Kada a raina ɗagewar mako biyu. Kafin mutanen ƙasar Gumel su koma layi ranar 11 ga Afrilu, ƙasar ta riga ta juya. Jonathan ya kira Muhammadu Buhari ya taya shi murna tun 31 ga Maris. Wanda ya zaɓi ɗan majalisarsa a sauran jihohi ya yi ne bai san wa zai hau mulki ba. Na Jigawa ya yi nasa ne bayan kowa ya ga inda iska ta kaɗa, kuma a rana ɗaya da zaɓen gwamna, wanda Badaru Abubakar ya lashe. Kujerar mazaɓar ta tafi ga Sani Zorro na APC, tsohon shugaban ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa. Ba ina cewa ɗagewar ce ta ba shi ba, don tun 28 ga Maris jam'iyyarsa ta kai Abdullahi Abubakar Gumel majalisar dattawa daga wannan shiyya. Abin da ke damuna shi ne mai jego da ɗan cirani da suka samu fitowa karon farko amma na biyu ya gagare su, ba da laifinsu ba, kuma babu wata takarda da ta riƙe musu niyyarsu.

Ita kuwa takardar rahoton matsala ba ta daɗe ba. An yi ta zargin 'yan siyasa na fakewa da ita suna cusa ƙuri'un waɗanda ba su zo ba, sai aka soke ta. A zaɓen 2023, bisa dokar 2022, na'urar BVAS ce ke duba yatsa ko fuska, wanda ta ƙi a duka biyun kuwa ba a ba shi ƙuri'a, ko da duk unguwa ta shaide shi.