Tantance Tsofaffin Takubban Japan: Matsayin Sunan Maƙeri da Shaidar Ƙarfe

Gabatarwa

A ƙasar Japan, tantance tsohon takobi fage ne na ilimi mai zaman kansa wanda ake kira kantei. Tun zamanin Toyotomi Hideyoshi, a ƙarshen ƙarni na 16, zuriyar Hon'ami ta shahara da wannan aiki, tana bayar da takardun shaida masu bayyana maƙerin takobi da ƙimarsa. Wannan maƙala ta duba ginshiƙin wannan ilimi, wato fifita shaidar da ƙarfe yake ɗauke da ita a kan sunan da aka sassaƙa a jikinsa.

Matsalar Suna

Maƙeri yakan sassaƙa sunansa a gindin takobi, sashen da yake shigewa cikin ƙota, wanda ake kira nakago. Sai dai dogaro da sunan yana da haɗari ta fuska biyu. Da farko, an daɗe ana ƙirƙirar sunayen jabu. Nagasone Kotetsu, maƙerin birnin Edo na ƙarni na 17, ya yi fice da yawan takubban da aka jingina masa alhali ba ƙirarsa ba ne. Na biyu, takubba da dama na ƙwarai sun rasa sunansu na asali. Da salon yaƙi ya sauya, an riƙa rage tsawon dogayen takubban mahaya ta hanyar yanke gindinsu, sunan kuwa ya tafi tare da abin da aka yanke. Wannan na cikin dalilan da suka sa akasarin takubban da ake dangantawa da Masamune, gwanin lardin Sagami na wajejen 1300, ba su ɗauke da sunansa.

Matakan Tantancewa

Saboda haka mai tantancewa yakan fara da ruwan takobin, ƙota tana rufe da gindinsa. Abu na farko da yake dubawa shi ne sura: tsawo da faɗi da inda lanƙwasa ta fi ƙarfi, domin su ne suke nuna zamani. Masana sun kira takubban da aka ƙera kafin wajejen 1596 koto, waɗanda suka biyo baya shinto, sannan shinshinto daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa 1876, shekarar da aka hana saɓa takobi a bainar jama'a.

Abu na biyu shi ne fatar ƙarfen. Ana samar da ƙarfen takobi, tamahagane, daga yashi mai tama da gawayi, sannan a yi ta ninka shi ana bugu. Ninkin yakan bar zane mai kama da na jikin katako, kuma kowace makarantar ƙira tana da nata. Manyan makarantun zamanin koto biyar ne: Yamashiro da Yamato da Bizen da Soshu da Mino.

Abu na uku shi ne hamon, layin da yake bin kaifi. Kafin a tsoma takobi mai zafi cikin ruwa, maƙeri yakan shafe jikinsa da yumɓu mai kauri, ya bar na bakin kaifi sirara. Kaifin yakan riga sauran jikin yin sanyi, sai ya fi tauri, iyakar sassan biyu ta fito fili. Hannun maƙeri ya fi bayyana a nan. Sai bayan an kammala waɗannan matakai ake cire ƙota, a ga ko sunan ya dace da abin da ƙarfen ya nuna.

Kayan Ƙota da Adanawa

Kayan adon takobi ma suna da nasu masana, musamman tsuba, faifan da yake kare hannu. Zuriyar Goto, wadda Goto Yujo ya kafa a ƙarni na 15, ta shahara da aikin shakudo, gaurayen jan ƙarfe da zinariya kaɗan mai baƙin launi. Da yake ana sauya wa takobi kube da ƙota a tsawon rayuwarsa, akan tantance su daban.

Babbar asarar da masu tarawa suke jawowa ita ce goge tsatsar gindin takobi. Launinta da zurfinta, tare da sawun magagari da ke ƙarƙashinta, suna cikin hujjojin shekaru, kuma idan an kankare su ba sa dawowa. Haka nan kowace wasawa tana cin ƙarfe, shi ya sa ba a miƙa ta sai ga gwanin da ya shafe shekaru yana koyon sana'ar.

Kammalawa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ƙwace takubba masu yawa, wasu aka lalata su, wasu suka ɓace, ciki har da shahararren Honjo Masamune da aka miƙa wa 'yan sanda a Tokyo a 1945. A 1948 aka kafa ƙungiyar NBTHK domin ceto ragowar, kuma a yau takardunta masu daraja huɗu, daga Hozon zuwa Tokubetsu Juyo, suna da tasiri ƙwarai a kan farashi. Duk da haka, takarda ra'ayin masana ce, ana iya sake duba ta muddin ba a shafe shaidar da ke jikin ƙarfen ba.