Baiko a Matameye, budurwa a Daura: takardun da hukuma ke tambaya

Ranar kasuwar Matameye, kafin hantsi ya dubi ludayi, motocin Daura da na Mai'aduwa sun cika tasha. Ana loda damman rake, 'yan canji na lissafin naira da sefa a bakin rumfuna. Ta hanyar da ta bi Ɗan Barto ta faɗa Kwangwalam ake wucewa da hatsi da dabbobi, ta nan kuma ake wucewa da lefe. Tun kafin ayarin Faransa da Ingila ya kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, ƙasar Kance, inda Matameye take, da ƙasar Daura ke ba juna aure.

A ɗauki saurayi ɗan Matameye da ya ga yarinya a Zango. Magabata sun gana, an kai goro da kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan kaka. Kafin lokacin, yarinyar ta zo ta zauna wajen gwaggonta da ke aure a Matameye. A idon unguwa matsayinta a fili yake, an yi mata miji. A idon doka kuwa baƙuwa ce kamar kowane fatake da ya zo cin kasuwa. Baiko ba ya ba kowa izinin zama a Nijar, haka ma a Najeriya.

Shekaru da dama wannan bai dami kowa ba, saboda yarjejeniyar ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO. Tun 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba biza, ya yi kwana 90. A 1986 aka ƙara da 'yancin zama, bisa sharaɗin mutum ya nemi katin zama daga hukuma. Mazauna bakin iyaka ba su cika neman katin ba, don wanda gonarsa ke wancan tsallake bai ɗauki kansa matafiyi ba.

Sai al'amura suka juya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ɓangarorin biyu dai ba su rufe wa talaka ƙofa ba. Ƙawancen ƙasashen uku, wato AES, ya sanar a Disamban 2024 cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga da zama ba biza, bisa dokokin kowace ƙasa, ita ma ECOWAS ta ce 'yan ƙasashen uku su ci gaba da zirga-zirga har sai ta sanar da wani sabon tsari.

Dokar cikin gida ta Nijar ce ta ƙara tsauri. Ranar 13 ga Janairun 2025 shugaban ƙasar, Janar Abdourahamane Tiani, ya sa hannu kan sabuwar dokar shige da zaman baƙi. Ta wajabta wa baƙo riƙe takardar tafiya ko ta zama. Ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 50 ga wanda aka kora ya ƙi fita ko ya saɗaɗo ya dawo, hukuncin kuma na iya hawa kan wanda ya taimaka wa baƙo ya zauna ba bisa ƙa'ida ba. Akwai wani sashe da ya shiga har tsakar gida: duk wanda ya sauki baƙo ɗan wata ƙasa, ko da kyauta ne, sai ya sanar da 'yan sanda. Gwaggon nan da ta shimfiɗa wa 'yar ɗan'uwanta tabarma a ɗakinta, sashen ya shafe ta, ko da ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Bayan ɗaurin aure ma da sauran aiki. Liman ya ɗaura, an shafa fatiha, maroƙi ya sanar da sadaki, jama'a sun shaida. Wannan ya wadatar a addini da al'ada, amma jami'in da ke bayan tebur takardar aure zai nema. A Nijar dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar aure ma'aikatar magajin gari ko wata cibiyarta, tare da shaidu. Wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya bi ta kotu, alƙali ya tabbatar da auren kafin a rubuta shi.

Amfanin takardar na fitowa ne ranar neman zama ɗan ƙasa. Kafin 2014 matar ɗan Nijar ce kaɗai ke samun wannan dama ta hanyar aure. Gyaran dokar da aka yi a Nuwamban shekarar ya daidaita mace da namiji, ya kuma halatta riƙe ƙasa biyu. Sharaɗi shi ne auren da hukuma ta sani ya kai shekara 3, mai nema kuma ya yi shekara 3 yana zaune a Nijar bisa ƙa'ida. A Najeriya har yanzu da bambanci. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba matar ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, bai ba mijin 'yar Najeriya ba. Ɗan Matameye da ya auri 'yar Daura ya tare can sai dai ya bi doguwar hanyar da kowane baƙo ke bi.

A ƙasashen Turawa akwai ƙofar da babu ita a nan. Ingila na ba da bizar zama ga masoyan da ba su yi aure ba, in sun nuna shaidar shekara 2 ta dangantaka mai kama da aure, da kuɗin shiga fam 29,000 a shekara tun daga Afrilun 2024. Faransa na da PACS, yarjejeniyar zaman tare ba aure, tun 1999, sai dai ofishin jakadancinta na Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Irin wannan zama a ƙasar Hausa dadiro ake ce masa, ba kuma iyayen da za su lamunta. Wadda ta fi dacewa da al'adar Bahaushe ita ce bizar masu baiko. Ingila na ba da wata 6 a ɗaura aure, dokar Amurka kuwa kwana 90, bayan an tabbatar masoyan sun ga juna ido da ido cikin shekara 2 da suka wuce.

Ga iyalan Matameye da Kance da Tsauni da Yawuri, abin da ake bukata bai kai haka wuya ba. Mai tsallakowa ya zo da takardar tafiyarsa da katin shaidarsa da takardar haihuwa, mai masauki ya leƙa ofishin 'yan sanda ya sanar, in zaman zai zarce wata 3 a tambayi takardar izinin zama. Waliyyai kuma, ranar da suke tsara goro da alawar ɗaurin aure, su ware mutum ɗaya da zai raka ango da shaidu biyu ma'aikatar magajin gari kafin kwana 60 su cika.