Katifar Soso da Wuta: Abin da Kowane Mai Jinya Ya Kamata Ya Sani

Wani dare cikin hunturu ina aiki a ɗakin masu jego, sai aka ɗauke wuta. Wata tsohuwa da ke jinyar 'yarta ta kunna kyandir, ta liƙa shi a ƙarfen gado don ta riƙa duba jikanta. Barci ya kwashe ta. Kyandir ya faɗi a gefen katifa, daidai inda ledar ta yage. Wari ne ya kai ni ɗakin. Allah ya kiyaye, muka fitar da uwa da jariri. Inda wutar ta ci bai fi faɗin faifai ba, amma hayaƙi ya cika ɗakin, mai jegon kuwa ta kwana uku tana tari.

Tsohuwar ba mugunta ta yi ba. A gida a kan tabarma take kwana, ba ta san halin katifar soso ba.

Me ya sa soso ke da haɗari?

Yawancin katifun asibitocinmu na soso ne, irin wanda ake gani a kasuwar Pitowa ran Lahadi ko a babbar kasuwar Garwa. Da sinadaran man fetur ake yin sa, kuma cikinsa duk ƙananan ramuka ne cike da iska. Shi ya sa in ya kama, yana ci da sauri, yana narkewa yana ɗiga. Hayaƙinsa baƙi ne mai guba. A gobara, sau da yawa hayaƙi ke kashe mutum tun wuta ba ta taɓa shi ba.

Mai lafiya zai tashi ya gudu. To, jariri fa? Wanda aka yi wa tiyata fa, ko wanda ake ƙara wa ruwa? A daren 25 ga Mayu 2022, gobara ta tashi a ɗakin jarirai na asibitin Tiwawan, a ƙasar Senegal, jarirai 11 suka rasu. Hukumomi sun ce daga wayar lantarki ta tashi. Ba ko ɗayansu da zai iya barin gadonsa.

Abin da muke roƙon masu jinya

1. Kada a kunna kyandir, fitilar kananzir ko ashana a ɗakin marasa lafiya. A zo da tocila.
2. Kada a shigo da kaskon garwashi ko turaren wuta, ko da don mai jego ne. In ana jin sanyi, a nemi bargo.
3. Maganin sauro na kunnawa bai dace a ƙarƙashin gado ba. A saki gidan sauro, ya isa.
4. Ba a shan taba a kan gado.
5. Kada a sa waya caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi.
6. Inda aka sa wa mutum iskar oksijin, a ƙara kula. Oksijin na hura wuta, ƙaramin tartsatsi ya zama gobara.
7. In kun ga ledar katifa ta yage, ku faɗa wa nas. Ledar na tare fitsari da jini, tana kuma rufe soson.

In wuta ta kama fa?

A yi ihu a tashi kowa. Mutum ake fara cetowa, ba kaya ba. Wanda ba ya iya tafiya, a sauko da shi kan bargo a ja shi waje. A sunkuya ƙasa, gama hayaƙi sama yake taruwa. In kowa ya fita, a ja ƙofa a rufe. Kada a ɗauko katifa mai ci a nufi ƙofa da ita: iska za ta hura ta, ta tare wa kowa hanya. In daga lantarki wutar ta tashi, a kashe lantarkin kafin a watsa ruwa. A kira 'yan kwana-kwana a lamba 118. Ko wuta ta mutu, a jiƙe katifar sharkaf, don soso yakan ci gaba da ci daga ciki. Duk wanda ya shaƙi hayaƙi kuma, likita ya duba shi, ko ya ce ba ya jin kome.

Ga ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin zumuntar mata masu kawo wa asibiti kyautar katifu, mun gode ƙwarai. Amma kafin ku saya, ku yi shawara da mu. A zaɓi mai rufin leda mai kauri. In da hali, a tambayi wadda aka yi ta yadda ba ta saurin kama wuta, a haɗa da tocila biyu ko uku.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan, ya faɗa wa kakar da za ta raka mai ciki asibiti.