JADAWALIN SHIGE DA FICEN KUƊI: GARKUWAR AIKIN KWANGILA

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Bauchi, birnin Bauchi kuma ya zama hedkwatarta. Nan da nan aikin gine-gine ya kankama: ofisoshi, gidajen ma'aikata, hanyoyi da makarantu. A 1980 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka sa wa sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988. Amma da kuɗin man fetur suka ja baya, Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, sai ayyuka da yawa a ko'ina cikin ƙasar nan suka tsaya cik. Ciwon bai warke ba, gama a 2011 kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙidaya ayyukanta 11,886 waɗanda ba a kammala ba.

Ɗaya daga cikin dalilan wannan asara shi ne yankewar kuɗi a tsakiyar aiki. Kwangila tana iya zama mai riba a takarda, amma ta durƙushe saboda kuɗin da ake jira ba su iso ba ranar da za a biya leburori da mai siminti. Maganin wannan shi ne jadawalin shige da ficen kuɗi.

Mene Ne Wannan Jadawali?

Takarda ce mai layuka wadda take nuna, wata bayan wata, abin da zai shigo hannun mai aiki, da abin da zai fita, da abin da zai rage. A dā da alƙalami ake zana ta. Yanzu akan tsara ta a kwamfuta, da manhaja irin su Microsoft Excel, ko Microsoft Project, ko Primavera P6. Fa'idar kwamfuta ita ce, in an tsara ƙwarangwal ɗin jadawalin sau ɗaya, sai a adana shi, a riƙa ɗauko shi ga kowane sabon aiki, ana sauya alƙaluma kawai, na'ura kuma tana yin lissafin da kanta.

Yadda Ake Tsara Shi

Da farko, a rarraba aikin kashi-kashi bisa takardar ƙididdigar kayan gini: haƙa da harsashi, ɗora bulo, rufi, filasta, wuta da famfo, fenti. Kowane kashi a ba shi lamba, da farashinsa, da ranar farawa da ta gamawa.

Na biyu, a buɗe layukan fita: siminti, rodi, yashi da tsakuwa, katako da kwano, ladan birkila da kafinta da lebura, hayar injuna, man dizal, haraji da kuɗin ruwan banki. Lalle ne a rubuta kowane kuɗi a watan da za a biya shi, ba a watan da aka kawo kayan ba.

Na uku, layukan shiga: kuɗin kafin alƙalami, da biyan da ake yi bayan an duba aiki an ba da takardar shaida, da ajiyar da ake riƙewa har sai an tabbata ginin ba shi da aibu. Dokar ba da kwangilolin Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta ƙayyade kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin ɗari, gyaran 2020 kuma ya ɗaga iyakar zuwa kashi 30. Dokar ta kuma ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri.

Na huɗu, layin ƙarshe, watau ragowar kuɗi: abin da ya rage a watan jiya, a haɗa da abin da ya shigo, a debe abin da ya fita.

Misali

A ƙaddara wani ɗan kwangila ya sami aikin gina ajujuwa a Yelwa a kan Naira miliyan 60, na wata shida, shi kuwa zai kashe miliyan 52. Ribarsa miliyan 8 ke nan. An ba shi kafin alƙalami miliyan 9. Daga kowane biya ana cire kashi 15 don mayar da wannan kuɗi, da kashi 5 na ajiya, kuma biyan yana isowa bayan wata biyu.

Yana kashe miliyan 6, 9, 12 da 12 a watanni huɗu na farko. A wata na farko yana da rarar miliyan 3. A na biyu babu abin da ya shigo, sai giɓin miliyan 6. A na uku an biya shi miliyan 5.6 na aikin miliyan 7 da ya yi a watan farko, giɓi ya kai miliyan 12.4. A na huɗu miliyan 8 suka shigo, giɓi ya kai miliyan 16.4, watau fiye da ninki biyu na ribar da yake sa rai. Ba zai fita daga ramin nan ba sai a wata na bakwai, bayan an gama ginin.

Wanda ya ga wannan tun kafin ya sa hannu, yana da damar neman rance a banki, ko ya daidaita da dillalan kaya su yi masa lamuni, ko ya haƙura da aikin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda bai gani ba kuwa, a wata na huɗu leburori za su watse, ciyawa ta rufe harsashi.

Abubuwan Lura

A Bauchi damina takan kama daga Mayu zuwa Satumba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. Haƙa da zuba kankare sukan yi nawa a lokacin, saboda haka kada a raba kuɗin aiki daidai wa daida tsakanin watanni. Aikin gini yakan fara a hankali, ya yi ƙarfi a tsakiya, ya lafa a ƙarshe.

Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya. Bayan janye tallafin man fetur a Mayu 2023 da sakin darajar Naira a Yuni, kuɗin siminti da na dako sun yi tashin gwauron zabo. Don haka a ware layi na ko-ta-kwana.

A ƙarshen kowane wata a shigar da ainihin abin da aka kashe kusa da abin da aka yi kirdado, a ga inda aka kauce. Kwamfuta ba ta gyara alƙaluman ƙarya. Abin da aka zuba mata shi take mayarwa.

Haka kuma ya wajaba ma'aikatun da ke ba da aiki su riƙe irin wannan jadawali, domin su san watan da takardun biya za su iso, su tanadi kuɗin tun da wuri. Makarantar da aka bari babu rufi, dukiyar jama'a ce take lalacewa, yaran da aka gina ta dominsu kuma suna zaune a gindin bishiya.